Waƙar da Kaka Ta Tafi da Ita

Makon jiya mun sha magana a kan tsabtar randa da ruwan sha. Yau kuwa ku yi mini haƙuri, zan ajiye randa in ɗauki ƙwarya, gama zancen waƙa na ke so mu yi.

Ga abin da ya jawo maganar. Ran Talata ina aji muna darasin Hausa, sai na ce wa 'yan matana kowace ta faɗa mini mawaƙin da ta fi so. Kai, ku zo ku ga hannuwa a sama! Har wata mai nauyin baki, wadda ba ta taɓa amsa tambaya ba tun farkon shekara, ran nan da ita a ka yi. Sunaye su ka yi ta zuba, na finafinai da na cikin waya, waɗansu na sani, waɗansu ko a mafarki ban taɓa ji ba. Da su ka lafa sai na ce, "To, madalla. Yanzu wa za ta rera mana waƙar da kakarta ke yi in tana niƙa?" Tsit ka ke ji, kamar ruwa ya cinye su. Can sai wata 'yar ƙarama ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai inji ba ya waƙa." Aji ya fashe da dariya, ni ma na dara. Amma fa na koma gida jikina a sanyaye, dalili kuwa za ku ji shi nan gaba.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni mayyar waƙa ce, tun ina ƙarama. A ɗakin kakata na tashi, ita kuwa tana da wata tsohuwar rediyo mai kaset, mai cin batir kamar ba gobe, da wani kwali cike da kaset-kaset a ƙarƙashin gado. In zaren kaset ya harɗe, ni ce mai naɗe shi da biro, ladana kuwa in zaɓi wanda za a sa. In an kai ga shirin zaɓi sonka a gidan rediyon Kaduna, wanda a ka buɗe tun 1962, sai Kaka ta hana kowa motsi. Ta kan kasa kunne ga jerin sunayen masu gaisuwa tun daga Funtuwa har Maraɗi, kamar dai ta san su duka. In na yi mata tsiya sai ta ce, "Ke ja can, ai duk wanda ku ke son waƙa ɗaya da shi ɗan'uwanki ne." A lokacin ban gane ba, sai yanzu.

Gwanin Kaka shi ne Alhaji Mamman Shata. Ni ban riske shi ba, gama ya rasu a 1999, kafin a haife ni, a ka kai shi Daura a ka rufe. Amma muryarsa ce ta rene ni. Mutumin Musawa ne, kalangu ne kiɗansa, kuma har yau ba wanda ya iya ƙidaya waƙoƙin da ya yi. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa manoma da direbobi da attajirai, ya yi wa sojoji zamanin yaƙin basasa, bai kuwa bar mata a baya ba. Abin da ya fi ba ni mamaki game da shi, ba ya zama ya rubuta. Nan take a gaban jama'a ya ke ƙera waƙa, 'yan amshi na riƙe masa gindinta, shi kuwa yana ta ɗora mata 'ya'ya. Ku 'yan makaranta da ke gumi kafin ku cika shafi guda na insha'i, ku auna wannan ku gani. Mutumin da bai zauna a aji ba, sai ga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Watau dai masu ilmi sun yarda abin da ke bakinsa ilmi ne.

Kaka ba ta jin Shata da gaggawa. Sai an gama tuwon dare, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, matan gidan duka sun hallara, sa'an nan a danna. In ya yi wani habaici sai ta ce a tsayar, ta tambaye mu, "Wa ya gane inda ya dosa?" Kowa ta faɗi nata, a yi ta gardama, daga baya ta warware mana. Yawancin karin maganar da na ke koya wa yara yau a kan wannan tabarma na tsince su, tun kafin in gan su a littafi a kwalejin horon malamai.

Ni kuwa da na fara wayo sai na yi nawa gwanin, Ɗanmaraya Jos. Sunan nan ba na banza ba ne, gama iyayensa sun rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ne ya riƙe shi. Kayan kiɗansa duka-duka kuntigi ne, ɗan abu mai tsirkiya ɗaya wanda bai fi a rufe shi da tafin hannu ba. Ba taron makaɗa, ba 'yan amshi, daga shi sai kuntiginsa. Waƙar da ta fara fito da shi ma ba ta wani basarake ba ce, ta karen mota ce, yaron nan mai dauɗa da ke kwana a kan kaya, wanda ba mai kallonsa sau biyu. Abin da ya sa na ke sonsa ke nan, yana ganin mutanen da idon jama'a ke tsallakewa.

Ya kuwa san cikin gidajenmu kamar a can ya ke kwana. Ku nemi Jawabin Aure ku ji yadda ya ke jan kunnen miji da mata a kan saurin rabuwa. Ku nemi Auren Dole, ku nemi Gulma Wuya, inda ya zana mana matar nan mai yawon gida-gida tana kashe wa mutane aure. Wace unguwa ce ba ta da irinta? Na tuna wata rana an sa wannan waƙa a gidanmu, wata maƙwabciya tana zaune, ba a kai rabi ba ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ba wanda ya ce mata uffan, amma ta yi wata guda ba ta leƙo mu ba. Ɗanmaraya ya rasu a 2015, Allah ya ji ƙansa. Wa'azin da ya yi da tsirkiya ɗaya har gobe yana aiki.

Amma in kun ce in zaɓi ɗaya tak, to, ni ta wajen Hajiya Barmani Choge ce, mutuniyar Funtuwa, gwanar amada. Ita da Uwaliya Mai Amada ta Kano su ne su ka fitar da kiɗan ƙwarya daga tsakar gida har duniya ta ji. Barmani bakinta ba linzami, wannan kowa ya sani, akwai ma waƙoƙinta da Kaka kan kore mu waje kafin a sa. Duk da haka ban san wata da ta faɗi abin da ke cikin zuciyar matan aure kamarta ba. Ta yi maganar kishiya ba ɓoye-ɓoye, ta yi maganar haihuwa da ɗawainiyarta, ta kuma yi ta kiran mata su tashi su kama sana'a, kada su zauna komi sai an miƙo musu. Ƙanwar babata ta sha gaya mini, ba wani malami ko jami'in gwamnati da ya sa ta fara ƙuli-ƙuli, gorin Barmani ne ya hana ta barci. Da kuɗin ƙulin nan kuwa ta sayi keken ɗinki. Barmani ta rasu a 2013 ina 'yar sakandare, ban taɓa ganinta ido da ido ba, abin yana cikin abubuwan da na ke baƙin cikinsu.

Amada kam na gani, gani kuwa ya kori ji. Bikin wata yayata ne a ƙauyenmu, ina da kamar shekara 12. Bayan lisha a ka rufe ƙofar gida, ba namiji ko ɗaya sai jarirai. Masu kiɗa su ka zauna a tabarma, su ka kife ƙoransu, ɗaya a ka kifa ta a kan ruwa cikin babban masaki. Wannan ta kan ruwan ita ce mai muryar nan mai zurfi, wadda ki ke ji a ƙirjinki kafin kunnenki ya ji. Zabiyar wata dattijuwa ce siririya, in kin gan ta a hanya ba za ki ce tana iya ɗaga murya ba. Da ta buɗe baki sai gidan ya ɗauka. Ta bi matan nan ɗaya-ɗaya, ta san mai koko, ta san wadda ta yi haƙuri da miji shekara da shekaru, ta san wadda ta aurar da 'ya'ya biyar da kuɗin saƙa. Kowace a ka ambata sai ta miƙe ta taka, a yi guɗa, a yi mata liƙi. Da idona na ga wata baiwar Allah, wadda kullum kanta a sunkuye ya ke, an kira sunan ubanta da na kakanta, ta shiga fili tana rawa hawaye na zuba. A daren nan ba 'yar kallo, gama wadda ba ta rawa tana amshi, wadda ba ta amshi tana tafi.

To, ku ajiye wannan a gefe, ku ji na bana. Wata ƙawata ta yi aure, a ka yi abin da a ke kira dina a wani babban zaure a birni. An kashe kuɗi, ba ƙarya. A ka ce an gayyato mawaƙi, mu ka yi ta jira har goma ta gota. Da ya iso sai mai na'ura ya saki waƙarsa ta lasifika, shi kuwa ya riƙe abin magana yana motsa baki. Ana tsakiyar haka janareta ya ɗauke, sai ga gwanin namu tsaye baki buɗe, ba abin da ke fita. Wallahi tausayi ya ba ni. Da wuta ta dawo na waiga in ga jama'a, kowace ta ɗaga waya sama tana ɗauka, ba mai amshi, ba mai tafi, gama hannuwan duka a cike su ke. Ƙarar kuwa ko ta kusa da ke ba ki jin maganarta. Na koma gida da hoto mai motsi na minti 20 a wayata, har yau ban buɗe shi ba. Daren amada ko hoto ɗaya ba ni da shi, amma ga shi na ba ku labarinsa tiryan-tiryan.

Kada ku ce Malama ta tsufa tun ba ta kai talatin ba. Ina jin waƙoƙin zamani, ina kuwa son su. Muryar Fati Nijar tana cikin wayata, da ita na ke wanki ran Asabar. A 2020, sa'ad da cutar korona ta kulle mu a gida, Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta zagaye ƙasar Hausa, har matan aure su ka riƙa taka rawarta a gaban mazansu, a ka yi ta ka-ce-na-ce a kai. Ni ma na haddace ta, ba zan ɓoye muku ba. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, kuma Shata kansa sabon yayi ne a zamaninsa. Abin da ke damuna shi ne yadda mu ke ji.

Ku duba gidajenmu da dare. Uwa na ɗaki da wayarta, 'ya na lungu ta toshe kunne da iyafis, ƙanwarta na can tana bin TikTok, inda ba a jin waƙa sai guntunta, kafin ki gane kanta an wuce wata. Kowa da kiɗansa, ba mai jin na wani. Ni kaina da na ke wannan surutu, a kwaleji na yi shekara uku abin nan na kunnena, ina da waƙa ɗaruruwa a waya, amma da wuya in kawo muku biyar daga farko har ƙarshe. Waƙar da uwa ba ta ji ba, ina za ta san abin da ta ke koya wa 'yarta? Wadda 'ya ba ta ji daga bakin uwa ba kuwa, ina za ta same ta in uwar ta kau?

Nan ne maganar 'yar ajina ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Gaskiya ta faɗa, inji ba ya waƙa. Da, aikin mace duka da waƙarsa. In ta durƙusa gaban dutsen niƙa da asuba tana da waƙa, a ciki ta ke sauke abin da ke cinta game da kishiya ko uwar miji, ba tare da ta kama sunan kowa ba, wanda ya tsargu kuwa shi ya sani. In za a yi wa amarya daɓen ɗaki, matan unguwa su taru da madaɓai, a yayyafa makuba, a yi ta bugu ana waƙa ana habaici har ƙasa ta yi santsi. In ana daka a yi lugude, taɓare uku a turmi ɗaya ba mai karo da wata. Da dare matan kulle su ɗauko shantu suna buga shi a cinya, 'yan mata kuwa su fita dandali gaɗa. Yau injin niƙa ya hutar da mu, siminti ya kori daɓe. Alhamdu lillahi, ba mai son komawa ga wahala, ni ma ba na so. Sai dai da aikin ya tafi, waƙarsa ta bi shi. Su Shata da Barmani an ɗauki muryarsu, ko bayan shekara ɗari za a ji su. Waƙar kakarki fa, wa ya ɗauka?

Kaka tana da wata waƙar reno da ta ke yi mana, ta ce daga bakin tata kakar ta ji ta. Doguwa ce, akwai sunayen kakanninmu mata a ciki, da garin da su ka baro, da sana'ar kowace. Da ita a ka lallashi babana, da ita a ka lallashe ni. Sau nawa na ce zan ɗauke ta a waya in na je hutu! Wayar na hannuna, cike da waƙoƙin mutanen da ba su san ina duniya ba, kullum sai in ce gobe. Bara da damina Allah ya karɓi abarsa. Bayan kwana arba'in 'yar yayata ta yi ta kuka da dare, na ɗauke ta na fara waƙar nan, na yi ɗa biyu, sai na tsaya cik. Na tambayi gwaggona, ita ma iyakar abin da ta riƙe ke nan. Mun bi duk tsofaffin dangi, kowa guntu gare ta, guntayen kuwa sun ƙi haɗuwa. Waƙar da ta rayu a bakin mata tsara biyar, a hannuna ta mutu, ni mai takardar shaidar malanta, mai koyar da Hausa. Shi ya sa dariyar ajin nan ba ta kai mini ciki ba.

Na sani cikinku akwai waɗanda ba su jin kiɗa saboda abin da malamansu su ka karantar da su. Ban zo jayayya da kowa ba, kowa ya tsaya inda zuciyarsa ta natsu. Amma waƙar reno da ta niƙa ba ganga a cikinsu, murya ce kawai. Ku tuna kuma da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Da waƙa ta ilmantar da matan ƙauye, ta koya wa jajis, su kuma su ka kai wa 'yan taru, mace ta haddace ta koya wa 'yarta. Da a ce kowace ta riƙe a cikinta ita kaɗai, da ba mu san su ba yau.

Saboda haka, tun da ni malama ce, ba zan sallame ku ba sai da aikin gida.

Ku ƙannena 'yan makaranta, wannan hutun kowace ta sami tsohuwar gidansu, kaka ko gwaggo ko inna. Kada ki je mata da gadara kamar mai ƙidayar jama'a. Ki kai mata goro, ki taya ta tsince wake, hira ta yi daɗi, sa'an nan ki roƙe ta. Za ta ce ta manta, za ta ce ke rabu da ni, kada ki yi fushi, haka su ke. Ki fara mata ko da kuskure, ba ta iya jure jin an ɓata waƙa, da kanta za ta karɓe. In ta yarda ki ɗauki muryarta a waya, amma fa ki kuma rubuta a littafi, gama waya tana faɗawa ruwa, ɓarawo ma yana sonta. Ki rubuta sunan wadda ta ba ki, da garinsu, da wurin wa ta koya, da lokacin da a ke yin waƙar. Kalmar da ba ki gane ba ki tambaya nan take. Bayan wannan duka ki haddace ta, don littafi ba ya lallashin jariri.

Ku kuma iyayena da yayyena, roƙona gare ku guda biyu ne. Na fari, in yaran nan sun zo kada ku kore su, kada ku ce abin ƙauyanci ne. Na biyu, ko sau ɗaya a mako, bayan tuwon dare, a shimfiɗa tabarma a ajiye waya ɗaya a tsakiya. Yau uwa ta zaɓa, gobe 'ya ta zaɓa. Ki daure ki ji gwaninta har ƙarshe, ki tambaye ta me ya ke nufi, ita ma ta ji naki ta tambaye ki. In akwai abin da bai dace ba a waƙar da ta ke ji, a nan za ki gane, ki gyara cikin raha, ya fi ki ƙwace wayar ta koma jin ta a ɓoye. Da tsohuwar zuma a ke magani, amma sai an buɗe tulun an ba yaro ya lasa.

Wadda duk ta samo waƙa, ta aiko mini ta hannun Edita, da sunan tsohuwar da ta bayar in ta yarda a faɗa. Waɗanda su ka fi daɗi za mu riƙa bugawa a wannan fili, kowa ya amfana. Wa ya sani, watakila a cikin wasiƙunku in tsinci sauran waƙar Kaka, gama ba a rasa wata jikar a wani gari da ta fi ni riƙo.

Allah ya ji ƙan waɗanda su ka riga mu, ya ba tsofaffinmu tsawon rai mu mori abin da ke bakinsu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma madafa, mu ga yadda a ke shanya tumatir da kuɓewa tun suna araha. Ku huta lafiya.

Taku a kullum,
Malama